Allurar da Malam Zarami Bai Gani Ba

Duk wanda ya yi karatun lantarki a wata kwalejin fasaha da ke Kazaure a 'yan shekarun nan ya san Malam Hussain Zarami. Ba ya cikin malaman da ke shiga aji. Shi ne mai kula da ɗakin gwaji: ya buɗe ƙofa da safe, ya jera wayoyi da mitoci a kan tebura, ya tsaya a bayan ɗalibi yana kallon hannunsa har ya ga an haɗa daidai. Dogo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. A shekarunsa na ƙarshe a wurin, ɗalibai sun riƙa cewa ya fara girman kai, domin sai ya wuce mutum ta gefe bai ko ɗaga masa hannu ba. Ba su san cewa ba ya ganin abin da ke gefensa ba. Da yawa daga cikinsu sai yanzu suke tuna abin da suka faɗa a kansa, kuma ba ya barin su su sake.

A Kanya Babba aka haife shi, cikin ƙasar Ɓaɓura. Kakansa ne ya zo daga Borno da fataucin kanwa ya zauna. Mahaifinsa, Muhammadu Lawal, manomi ne da damina, da rani kuma ya tsallaka iyaka da kaya a keke ya dawo da sefa a ɗaure a lalita. Tagwaye mahaifiyarsa, Ya Gumsu, ta haifa, Hassan bai kai yaye ba ya koma, sai ta tattara kulawar mutum biyu ta ɗora wa wanda ya rage. Har ya yi furfura ba ta daina leƙa kwanonsa ba. Idan ya ɓata mata rai da Barbarci take yi masa faɗa, shi kuwa ya durƙusa ya sunkuyar da kai har ta gama.

Keken mahaifin nasa yana da ɗan dainamo da ke gogar taya yana kunna fitila. A nan abin ya fara. Yaron yakan kifa keken, ya yi ta juya feda da hannu yana mamakin yadda juyi kawai ke zama haske. Mamakin nan ne ya kai shi makarantar kimiyya, ya kai shi difloma, ya zaunar da shi a ɗakin gwaji shekara da shekaru. Sai da girma ya fara kama shi sannan ya shiga digiri na biyu a wata jami'a a Kano, karatun ƙarshen mako, kuma a can ya haɗu da abin da ya cinye masa sauran ganinsa na duniya.

Wani irin zirin ƙarfe ne, mai faɗin farce, mai ƙyalli kamar zaren kaset. A zafin ɗaki ba shi da wani abin a zo a gani. Amma idan aka tsoma shi a ruwan naitirojin, wato iskar da aka sanyaya har ta zama ruwa, sai lantarki ya bi ta cikinsa babu turjiya ko kaɗan. A naɗe shi kamar gammo a haɗe bakinsa biyu, lantarkin da aka zuba masa zai yi ta zagaye ba batir ba janareta, gammon ya zama maganaɗisu mai ƙarfi irin wanda ake nema a injinan ɗaukar hoton cikin jiki. Wahalar tana wajen zubawa. Idan an shigo da waya daga waje, wayar za ta riƙa jan zafi tana kai wa cikin sanyin. Sai masana suka samo dabara: a jera ƙananan maganaɗisu a kan faifai, a juya faifan dab da zirin ba tare da ya taɓa shi ba. Duk wucewa ɗaya tana tura ɗan lantarki ciki, kaɗan-kaɗan, kamar famfon tuƙa-tuƙa yana cika jarka.

Malam Zarami bai taɓa ganin wannan da idonsa ba, kuma bai san wanda ya taɓa gani ba. Aikinsa kwaikwayon abin ne a kwamfuta. Yakan zana zirin, ya yayyanka shi cikin lissafi zuwa dubban gutsattsari, ya gaya wa kwamfuta kaurin kowane, da sanyinsa, da saurin faifan, ya bar ta tana huci kwana da kwanaki a kan tabarma. A ƙarshe ta ba shi layi ɗaya wanda ya hau sama sannan ya kwanta. Idan layin ya yi kama da na mutanen da suka gwada a ƙasashen waje, ya yini yana murmushi. Idan ya kauce, ya koma farko.

Matarsa Ikilima tela ce, kuma ba ta raga masa. Takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mai tuƙa tuwo a hoto ba sai shi: tukunyar hoto, wutar hoto, har sanyin ma na hoto. Shi kuma ya ce ai masu gina gada ma a takarda suke fara tsallaka ta.

"To Malam, ran da aka kwashe tuwon a sammana," in ji ta.

Yakan yi dariya, amma maganar tana zama masa. Shi ma abin da ke cin sa ke nan. Yana iya faɗin abin da ke gudana a kowane lungu na zirin, alhali ko nauyinsa bai taɓa ji a tafin hannu ba.

Ciwon idon bai zo da zafi ba. Ya fara tuntuɓe da kujerun ɗakin gwaji, ya fara zubar da kofi da gwiwar hannu. Da Ikilima ta matsa masa ya je asibitin ido a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne kuma ya daɗe yana ɓarna. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bututun zai yi ta ƙanƙancewa. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, ba zai dawo da komai ba. A motar dawowa, da suka wuce Ɗambatta, ya ce da Ikilima abu ɗaya yake roƙon Allah bayan cikawa da imani: ya ga abin nan ya yi aiki sau ɗaya, da idonsa, kafin a rufe. Ya kuma roƙe ta kada Ya Gumsu ta ji girman ciwon. Abin da tsohuwar ta sani shi ne ɗanta yana sa magani a ido.

Daga nan ya shiga nema kamar wanda ake kora. Ya yi ta aika saƙo ga mutanen da yake karanta aikinsu, mafi yawa ba su amsa ba. Wata mata mai bincike a wata ƙasa mai nisa ta amsa, ta aiko masa da ragowar ziri da ya rage a ɗakin gwajinsu, bai fi ya zagaye murfin kwano 'yan zagaye ba. Ranar da ya iso, Ikilima ta ce ya riƙe shi kamar jaririn da aka miƙo masa daga ɗakin haihuwa. Ya naɗe shi, ya liƙe bakin biyu da dalma, fuskarsa dab da aikin har hayaƙin yana sa shi hawaye. Faifan kuwa keken ɗinkin Ikilima ne ya bayar: ya ɗaura faifan katako a jikin ƙafar da ke juyawa, ya manna masa maganaɗisun da ya ciro daga matattun kwamfutoci. Ba shi da mita mai jin lantarki ƙanƙani haka, sai ya ɓalle ɗan kamfas ɗin duba alƙibla daga jikin wata tsohuwar darduma. Idan lantarki ya shiga gammon, za a janye faifan, a ɗora kamfas a sama, allurar ta karkace ta tsaya a karkace babu abin da ke riƙe da ita. Lissafinsa ya ce za ta daɗe haka har mutum ya iya yin alwala ya gama kafin ta koma. Allura kuwa ƙarama ce, tana shiga cikin ɗan abin da ya rage masa na gani.

Saura ruwan naitirojin. A duk yankin nan mutum ɗaya ya sani da ke riƙe da shi: Sama'ilu, abokinsa tun makarantar kwana, Bafulatanin Roni da ke aikin dabbobi. Yana da wani tulun ƙarfe da ake ajiye irin bijimai a ciki don yi wa shanu baye da allura, kuma sai mota ta zo daga Kano jefi-jefi ake cika shi. Tsakaninsu akwai wasan Fulani da Barebari, ba sa gaisawa sai da tsiya. Da ya ji buƙatar, Sama'ilu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wato Babarbare ya gama karatunsa kaf ya dawo roƙon ruwa a ƙofar ubangidansa. Malam Zarami ya ce ai bawa ne ke ɗebo wa mai gida ruwa, don haka ya yi sauri.

Wata Asabar da hantsi, bayan an cika tulun, ya je Roni a babur da babban filas ɗin shayi. Sama'ilu ya zuba masa, farin tururi yana gangarowa ƙasa yana bin ƙafafunsu. Dukansu sun san ƙa'idar: ba a rufe shi. Ruwan yana tafasa ne kullum a hankali, idan iskar ba ta sami hanyar fita ba sai ta fasa abin da ta samu. Suka cusa tsumma sako-sako a bakin, murfin kuma ya jefa a aljihu. Haka ya taho a hankali, ya ratsa Kazaure ya kama hanyar Ɓaɓura, filas ɗin a ɗaure a ƙirjinsa yana jin ƙaramin sautin tafasarsa, yana juya kai dama da hagu don ya ga titi.

Ana kiran la'asar ya shiga gida. Ikilima ta tafi kai ɗinki maƙwabta, ita ce mai taka keken, dole a jira ta. Ya ajiye filas ɗin a inuwar rumfa kusa da keken, ya fito da murfin daga aljihu ya ɗora a gefe. Ya Gumsu tana zaune a kan tabarma tana gyaran zogale. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tashi, ya tsaya.

Wannan tsayuwar ita ce abin da ya fi yawan komawa kai daga baya. Ya gaya wa Ikilima tun jiya kada a rufe. Ya gaya wa kowa a gidan. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce da mahaifiyarsa kada ta taɓa wani abu ba, a gidan da ita ta share filinsa tun kafin a haife shi. Ya nemi yadda zai faɗa ba tare da ya zama umarni ba, bai samu ba. Ya ce a ransa ai salla ba ta daɗewa, kuma me zai kai ta wurin. Ya ce, "Ya, na tafi masallaci," ta ce Allah ya karɓa.

Ita kuwa da ta ɗaga kai ta ga tururi yana fita daga bakin filas, ga murfi a yashe, sai ta ga abin da ta saba gani tun yana yaro: Usaini ya bar shayinsa a buɗe zai huce. Ta zare tsumman, ta ɗora murfin, ta kama shi da gefen zaninta ta murɗa iya ƙarfinta. Don kada kaji su ture, ta ɗauke shi ta ajiye a gefen tabarmarta, ta ci gaba da zogalenta.

Suna zaman tahiya a masallaci suka ji ƙarar. Wasu sun ɗauka tayar mota ce.

Allah ya sa da sauran kwana. Kwalbar cikin filas ɗin ta yayyanke mata hannu da ƙafa, ruwan ya ƙone mata cinya irin ƙunar sanyi, kunnen da ke ɓangaren kuma bai ƙara ji ba. Aka kwantar da ita a asibiti a Kazaure. Da ta farfaɗo sosai, abin da ta fara tambaya ba jikinta ba ne. Ta sa aka matso da shi, ta riƙe masa hannun riga.

"Usaini, abin aikinka ne ko? Na ɓata maka."

"A'a, Ya. Na riga na gama tun a Roni. Ragowa ce na kawo."

"Ka gama?"

"Na gama."

Ta saki rigar, ta ce alhamdu lillahi, ta yi barci.

Ƙunar tsoho ba ta saurin warkewa. Watanni aka yi ana wanki ana ɗauri, ta warke nan ta buɗe can. Shi ne mai kai ta, shi ne mai zama a bakin gado. Ranakun komawarsa asibitin ido suka zo suka wuce, Ikilima tana tuni yana cewa bari Ya ta samu sauƙi. Sama'ilu ya zo dubiya ya zauna kamar baƙo, bai kira shi Babarbare ba, bai kira shi komai ba. Shugaban Sama'ilu a wurin aiki ya ji labari ya hana a ƙara fitar da ko cokali ɗaya daga tulun, kuma babu mai ganin laifinsa. Malam Zarami ma bai sake tambaya ba. Ya sa gammon a gwangwanin madara, ya zuba shinkafa don kada danshi ya ci shi, ya tura ƙarƙashin gado. Da Ikilima ta taɓa zancen sai ya ce wane ido zai ɗaga ya kalli filas a gidan nan.

Bututun kuwa bai jira kowa ba. Da farko yana ganin fuska rabi-rabi, sai ya koma ganin baki ban da ido. Ya ƙara girman rubutun kwamfuta har harafi ɗaya ya cika allon. Wata safiya ya tambayi Ikilima ko hadari ne ya haɗu, ta dubi sama, ga ta tas. Kafin kaka ya ajiye aiki. Karatun Kano ma ya tsaya a inda yake.

Ikilima ce ba ta haƙura ba. Bayan Ya Gumsu ta fara takawa da sanda, ta je Roni da kanta ta sami Sama'ilu, suka je wurin shugaban tare. Ya yarda da sharaɗin ba za a fita da komai ba, a yi a gabansa a harabar ofis. Ta ɗauki hayar akori-kura, aka ɗora keken ɗinki, ta ciro gwangwanin, sannan ta gaya wa mijinta. Ya ce me za a je a yi, tunda mai kallon ya tafi. Ta ce ita ba ta gani ba tukuna, kuma shekara nawa tana jiran tuwon nan. Ya laluba hularsa.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya aka kafa keken. Sama'ilu ya zuba ruwan a cikin murfin kula, ya sa gammon a ciki da matsefata. Ya so ya yi tsiya, ya fara cewa yau dai bawa ya zo har gida, sai ya bar maganar a tsakiya, ya juya ya shiga gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Malam Zarami yana zaune a kan benci. Ya miƙa hannu ya auna tazarar faifan da zirin da kaurin katin waya, ya ce a matso kaɗan, ya ce ya isa. Sanyin yana hawa yatsunsa. Ya ce Ikilima ta taka.

Ta taka. Ƙarar keken ce dai da ya saba ji kullum a tsakar gida. Ya bar ta har ya ji numfashinta ya canza, sannan ya ce a tsaya, a janye keken baya, a ɗora kamfas.

Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashinsu.

"Ta juya, Malam," in ji Ikilima a hankali. "Wallahi ta juya. Ta bar inda take ta kalli wajen ƙofa."

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya. Tana ɗan rawa, amma ta tsaya. Ba abin da ke taɓa ta."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa shiga tururin, ya buɗe idon dama iya buɗewa, ya juya kai sama da ƙasa yana neman ko ɗan ƙyalli. Ya daɗe a haka. Sama'ilu ya kama masa kafaɗa don kada ya taɓa ruwan.

"Ta fara komawa," in ji Ikilima.

"Tun yanzu?"

"Ta kusa kai wa inda take."

Ya ɗago. Ko wanke fuska mai alwala bai isa ya gama ba. Ya zauna yana murza yatsunsa da suka sandare, can ya ce liƙin dalmar ne. A lissafi ya ba wa mahaɗar turjiya ƙarama ƙwarai, irin ta mutanen da ke liƙi da inji, shi kuwa da hannu ya yi, da rabin ido. Lamba ɗaya ce a layi ɗaya, ya san inda take. Shugaban ya ce ai duk da haka an yi nasara, abin ya yi aiki, a sake mana tunda ga ruwa. Malam Zarami ya yi masa godiya sosai, ya ce a bar wa shanu ruwansu. Ya tambayi Ikilima wane launi ne kan allurar, domin ya manta. Ta ce ja. Ya gyaɗa kai, ya ce su tafi kada la'asar ta same su a hanya.

Da akori-kurar ta tsaya a ƙofar gida, Ya Gumsu tana zaure da sandarta. Tun da kunnen ya mutu take magana da ƙarfi. Ta tambayi ina aka kai keke tun safe. Ikilima ta dubi mijinta, ta tuna ba zai ga kallon ba, sai ta matsa wajen kunnen mai ji ta ce gyara aka kai shi. Tsohuwar ta ce to shi kuma Usaini me ya kai shi, mutum da ciwon ido yana yawo a rana. Ya durƙusa a inda yake jin muryarta, ya ɗan kauce ta gefe ba tare da ya sani ba, ya ce rakiya ya yi. Ta yi masa faɗa da Barbarci, ya sunkuyar da kai har ta gama.

Yana nan a Kanya Babba. Da hantsi akan fitar masa da tabarma ƙofar gida, masu wucewa gona su gaishe shi ya amsa da sunayensu. Tsofaffin ɗalibansa kan zo jefi-jefi, su zauna a takure. Fiye da ɗaya sun ce ya ba su kwamfutar su gyara lambar nan su sake lissafin, ba zai ɗauke su komai ba. Yakan ce to, sai an kwana biyu, sannan ya tambaye su labarin aiki, ko an samu, ko har yanzu ana nema.